Yadda zaki zaga garuruwan tudu na bakin teku ke da 'yarki budurwa ba tare da kun ɓata a tsakiyar hawa ba

Garuruwan nan da ake gani a hoto, gidaje kala-kala sun hau kan juna har ƙololuwar tudu ga teku shimfiɗe a ƙasa, irin su Lisbon da Porto a Fotugal, Napoli a Italiya, Istanbul ta Turkiyya, San Faransisko a Amurka, Valparaiso ta ƙasar Chile, kyansu iri ɗaya ne kuma wahalarsu ma iri ɗaya ce, wato hawa. Hoto dai baya nuna haki. In ke uwa ce kin yi niyyar ki ɗauki 'yarki mai shekara 14 ko 16 ku je ku biyu kawai, toh ki sani yawancin rigimar da zaku yi ba a otal zata tashi ba, ba kuma a filin jirgi ba, a tsakiyar matakala zata tashi, lokacin da ita ta riga ta kai sama tana danna waya ke kuma kina ƙasa kin dafa bango kina neman numfashi, ta waigo ta ce "Mama dan Allah ki yi sauri mana". Daga nan ne rai ke ɓaci. Saboda haka duk shirin da zaki yi ki ɗora shi a kan abu biyu, ku hau da inji ku sauko da ƙafa, sannan ki sakar wa yarinyar nan jagorancin hanya da gaske ba na wasa ba.

Kafin komai takardu, dan su ne ke iya hana tafiyar tun daga bakin kanta. Yarinyar da bata cika 18 ba ƙaramar yarinya ce a idon hukuma ko da ta fi ki tsawo, kuma in uwa ce kaɗai ke tafe da ita ana iya tambayar shaidar cewa uban ya yarda. Ki tanadi takardar amincewarsa da sa hannunsa da hatimin hukuma, da takardar haihuwarta, musamman in sunan da ke fasfonki bai yi daidai da nata ba. Wani lokacin ba wanda zai ko kalla, wani lokacin kuma a kanta kaɗai za a tsayar da ku. Fotugal da Italiya suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta wadatar, amma suna son inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da zaku bar yankin. Turkiyya da Amurka da Chile kowacce da nata tsarin daban. Ki ɗauki hoton duk takardun a wayarki da wayarta.

Sai masauki, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Zaki ga an rubuta otal ɗin minti 7 ne daga tasha, ki ce ai kusa ne, ashe minti 7 ɗin nan duk matakala ce. Taswira a kwance take, garin kuma a tsaye yake. In kin buɗe Google Maps ki zaɓi tafiyar ƙafa, a ƙasa yana nuna mita nawa za a hau mita nawa za a sauka, wannan lambar ita zaki kalla kafin ki kalli nisa. Ki lissafa kowane hawan bene kamar mita 3 ne, kinga in ya ce mita 60 toh bene hawa 20 kenan zaki hau kullum da yamma bayan ƙafa ta riga ta mutu. Kowane ɗaya daga garuruwan nan yana da ɓangaren da yake a kwance. A Lisbon Baixa ce, ita ce unguwar da aka sake ginawa a miƙe bayan girgizar ƙasar 1 ga Nuwamba 1755 ta rusa garin, Marquês de Pombal ne ya jagoranci aikin, shi yasa titunanta suke a jere kamar an ja da rula alhali tsohuwar unguwar Alfama da ta tsira daga girgizar har yau lungu ne kan lungu. A Valparaiso ɓangaren ƙasan suna ce masa El Plan, tuddan kuma sun haura 40. Ni dai ra'ayina, in gwiwarki bata da tabbas ki kwana a ƙasa ko kusa da tashar jirgin ƙasa, Alfama ki je ta da rana ki sha kallo ki dawo. Na san 'yarki zata nuna miki wani ɗaki mai baranda yana kallon kogi ta ce wannan take so, ki bar ta ta rubuta wa masu gidan ta tambaye su abu uku, akwai lif, hawa na nawa ne, mota tana isowa ƙofar gidan? Tsofaffin gidajen can da yawa ba lif, wasu lungunan kuma ko keke baya shiga. In amsar ta zo ita da kanta zata canza ra'ayi ba sai kin yi magana ba.

Akwati mai taya a kan duwatsun titin Lisbon azaba ne, ga ƙara ga taya na maƙalewa. Kowa ta ɗauki abin da zata iya ɗagawa da hannu ɗaya ta hau bene dashi, in ya fi haka a rage.

Takalmi kuwa bari in daɗe a kansa kaɗan dan shi ne rabin tafiyar. Gefen titunan Fotugal an shimfiɗa su da ƙananan duwatsu fari da baƙi da ake jerawa da hannu, calçada suke ce musu, suna da kyau ƙwarai har da zanen igiyar ruwa, amma shekara da shekaru ana taka su sun goge sun yi sumul, in aka ɗan yi yayyafi ko ma ba a yi ba in gangare ne, santsi suke kamar an shafa sabulu. Silifas da takalmi mai tsini da duk wani mai ƙasan fata ki bar su a akwati. Kambas mai ƙasan roba mai zane-zane shi ne, kuma kar ya zama sabo fil, ku yi sati biyu kuna yawo dashi kafin tafiya dan kar ya yi muku bororo a rana ta farko. Yarinya zata ce kambas bai shiga da kayan da zata yi hoto dasu ba, kar ki tsaya musu, ki ce ta saka na hoton a jakar goyo in an isa wurin ta canza ta ɗauka ta mayar. Filasta ya zauna a jaka kullum. Mai doguwar riga kuma ta lura, wurin saukowa matakala ne bakin riga ke shiga ƙarƙashin takalmi, hannu ɗaya ya tattare riga ɗaya ya kama ƙarfen gefe, kenan jaka ta zama ta goyo ko ta ratayawa a ƙirji ba ta riƙewa a hannu ba.

Toh yanzu ainihin dabarar. Mutanen garuruwan nan ba wawaye bane, tun fiye da shekara 100 suka gaji da hawa suka ƙera abin da zai ɗauke su, taragon da igiyar ƙarfe ke ja sama, lif na kan titi, matakala mai tafiya da kanta. Aikinku kawai kowace safiya ku nemi wurin da ya fi tsawo a cikin abin da kuke son gani ranar, ku hau abin hawa ya kai ku can, daga nan ku yi ta gangarowa a hankali kuna tsayawa har ku ƙare a bakin ruwa da yamma.

Ga yadda rana ɗaya take a Lisbon. Ku hau tiram mai lamba 28, rawayan nan ƙarami mai kujerun katako da yake bi ta lungun da zaki rantse bazai wuce ba, ku sauka a Graça. Layin shigarsa a Martim Moniz yana da tsawo sosai in rana ta ɗaga, ko ku yi sammako ko ku je ɗaya ƙarshen nasa a Campo de Ourique ku shiga can ku samu wurin zama, in kuma abin ya gagara tasi ma ba laifi bane, ba wanda zai baku lambar yabo dan kun tsaya awa ɗaya a rana. Daga Graça ɗan hawa kaɗan ne zuwa Senhora do Monte, dandalin kallo ne da ake ganin garin gaba ɗaya, ga ganuwar São Jorge ga kogin Tejo ga jar gadar nan ta 25 de Abril can nesa. Daga nan kuma sai sauka, dandalin Graça, sai Portas do Sol, sai Santa Luzia mai bangon tayil shuɗi da inuwar furanni, sai ku kutsa lungunan Alfama inda shanya ke rataye a saman kanku wata tsohuwa na leƙe ta taga, ku bi ta gaban babbar majami'ar Sé har ku faɗo Praça do Comércio a bakin ruwa. Duk tafiyar nan da ƙyar zaki hau wani abin kirki. In da daga ƙasa kuka fara, wallahi kafin Santa Luzia an fara kallon-kallo.

Akwai kuma hanyoyin kyauta da baƙi da yawa basu sani ba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Baixa-Chiado tana da matakala mai tafiya da kanta jere-jere da ke fitar da mutum sama a Chiado. Ta ɓangaren ganuwa akwai lif a Rua dos Fanqueiros da ke kai ki Rua da Madalena, ki ɗan taka kaɗan ki shiga wani lif ɗin a Chão do Loureiro, sai gaki kusa da ganuwar. Shi kuwa shahararren lif ɗin ƙarfen nan na Santa Justa da aka buɗe a 1902, tsawonsa mita 45, layinsa bai cancanci lokacinku ba, in kuna Chiado ku bi ta Largo do Carmo gefen majami'ar da girgizar ƙasa ta bari ba rufi, da ƙafa zaku isa saman. Wata magana mai nauyi kuma, taragon igiya na Glória da yake aiki tun 1885 ya kauce daga layinsa ranar 3 ga Satumba 2025 mutum 16 suka rasu, bayan nan aka dakatar da sauran irinsa dan bincike, saboda haka kar ki gina ranarki a kan taragon Bica ko na Lavra sai kin duba ko suna aiki a lokacin da zaku je.

Porto awa 3 ce daga Lisbon a jirgin ƙasa, kuma a ganina ta fi Lisbon tsayuwa duk da ta fi ta ƙanƙanta. Ku fara daga tashar São Bento ku kalli bangonta mai tayil wajen 20,000, ku wuce ta gefen majami'ar Sé ku hau saman gadar Dom Luís ta 1886, gada ce mai hawa biyu, saman na jirgin cikin gari ne da masu tafiyar ƙafa, mai tsoron tsawo ta bi ta tsakiya amma ta lura da jirgin. In kun tsallaka Gaia, garin da ke ɗaya gefen kogin, akwai keken igiya na sama da zai sauke ku bakin kogin Douro, ku dawo ta ƙasan gadar ku shiga unguwar Ribeira, in an gaji taragon Guindais yana nan gindin gadar zai mayar daku sama. Hasumiyar Clérigos matakalarta ta haura 200 kuma matsattsiya ce, wannan ki bar yarinya ta hau ke ki zauna a ƙasa da kofin shayi, ba dole sai kin hau komai ba.

Sauran garuruwan ma salon kenan. A Istanbul ku shiga Tünel daga Karaköy, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne tun 1875, bai kai minti 2 ba ya kai ku sama bakin titin Istiklal, sai ku gangaro ta hasumiyar Galata da matakalar Kamondo ku koma bakin ruwa ku hau jirgin fito zuwa Üsküdar ko Kadıköy, kun bar Turai kun shiga Asiya kuna zaune kuna hutar da ƙafa. A Napoli taragon igiya guda 4 ne, ku hau zuwa Vomero ku kalli dutsen Vesuvio daga Castel Sant'Elmo, masu ƙarfin gwiwa su sauko ta Pedamentina mai matakala 414. A San Faransisko motocin igiyar nan da suka fara tun 1873 layi 3 suka rage, na Powell-Hyde yana tsayawa daidai saman titin Lombard mai lanƙwasa 8, ku sauka nan ku gangara, in kuma layin mutane a Powell ya yi yawa na titin California ya fi sauƙin samu. A Valparaiso lif ɗin Concepción tun 1883 yake, shi da El Peral da Reina Victoria su ne ke kai mutum Cerro Concepción da Cerro Alegre inda zanen bango ya cika ko'ina, kuma nan ɗin ya kamata ku tsaya, kar zane ya ja ku kuna ta hawa har ku shiga tudun da baku sani ba da waya a hannu.

Amma fa kar in yaudare ki, saukowa ma tana da nata. Hawa numfashi yake ci, sauka kuma gwiwa take ci, washegari ne cinya zata gaya miki. Ki rage faɗin taku, ki ɗan karkata jiki gefe a matakala mai tsayi, ki kama ƙarfe ba kunya. Kar ku jera ranar tudu biyu a jere, in yau Alfama ce gobe ta zama rana a kwance, Belém misali, duk shimfiɗe take a bakin kogi, ga hasumiyarta ga gidan ibadar Jerónimos ga shagon da yake gasa kek ɗin ƙwai da madarar nan tun 1837, ko Parque das Nações inda babban gidan kifin Oceanário yake, ko ku hau jirgin ƙasa daga Cais do Sodré minti 40 yana bin gaɓa har Cascais.

Yanzu maganar ita yarinyar. Budurwa 'yar 15 in kika mayar da ita mai bin baya, ke ce taswira ke ce kuɗi ke ce mai cewa a tashi a zauna, toh kin samu mai kumbure-kumbure har ku dawo. Ki bata aiki na gaske. Ita ce mai taswira, ita ce mai sayen katin shiga mota ta loda masa kuɗi, Navegante a Lisbon, Andante a Porto, Istanbulkart a Istanbul, ita zata tambayi hanya in an ɓata. Sharaɗi ɗaya zaki kafa mata, duk hanyar da ta zaɓa sai ta gaya miki mita nawa za a hau kafin a ɗaga ƙafa. Zaki sha mamaki, yarinyar da take miki tsiwa kan kin cika jinkiri ita ce zata koma tana cewa "Umma tsaya, in muka zaga ta can akwai lif". In ta ɓatar daku, kuma zata ɓatar daku, ki haɗiye "ai dama na faɗa miki" ɗin nan, ki samu dakali ki zauna ki ce ta duba a hankali kina jira. A garin tudu na bakin teku ɓata bata da wani tsoro sosai da rana, in kun bi gangare dole ku ƙare a ruwa.

Ki bata rana guda ko rabin rana da ita zata tsara daga farko har ƙarshe, ko da abin da ta zaɓa bai miki ba. Wataƙila kantin litattafan Lello na Porto ne da sai an sayi tikiti an bi layi kafin a shiga, wataƙila shagon kayan gwanjo ne, wataƙila wani bango ne kawai da ta gani a TikTok. Ki bi ta ba ƙorafi, gobe in kin ce gidan tarihi zaku ita ma bata da bakin magana. Kuɗin kashewa ma ki ware mata nata na kullum a hannunta, in ta ƙarar a kan askirim da abin maƙala makulli tun azahar ruwanta, ya fi kowane shago ku tsaya ciniki tsakaninku.

Hoto kuma, ki yi haƙuri ki koya. Abin da ke gaban yarinyar kenan kuma ba laifi bane. Ta nuna miki yadda take so a riƙe wayar, ki ɗauka da yawa ba guda ɗaya ba, ku yi yarjejeniya kowane dandalin kallo minti 10 na hoto ne daga nan waya ta koma jaka. Dama ke ma hutun kike so. Abin da bazaki sassauta ba shi ne tsayawa a kan layin tiram dan hoto, da hawa kan katangar dandali, da saka hoto a intanet kuna wurin, ta bari sai kun bar unguwar, sunan masaukinku kuwa kar ya fito sam.

Barci da yunwa su ne sauran. 'Yan shekarun nan basa son tashin sassafe, jikinsu ne haka ba lalaci kaɗai ba, ki zaɓi safiya biyu da dole a yi sammako saboda layi ki gaya mata tun dare, sauran ki bar ta, ke ki sauka ki karya a natse. Kuma duk lokacin da kika ga fuska ta canza a tsakiyar hawa kafin ki ce rashin kunya ce ki tambayi kanki yaushe rabonta da abinci. Ruwa da ɗan abin taɓawa su zauna a jaka. In kwanakin al'adarta ko naki sun faɗo cikin tafiyar ki sa ranakun kwance a nan, audugar mata da maganin ciwon mara kuma a jakar yawo ba a akwati ba, banɗaki a saman tudu sai dai ki shiga gidan shayi ki sayi wani abu.

A gidan abinci a Fotugal zasu ajiye muku burodi da zaitun da cuku tun baku ce komai ba, ba kyauta bane, abin da kuka taɓa zai fito a lissafi, in baku so ku ce a ɗauke ba wanda zai ji haushi. Wanda baya cin naman alade ya buɗe ido dan yana shiga inda ba a zato, miyar ganyen nan caldo verde ana jefa mata yankan tsiran alade, francesinha ta Porto kuwa cike take dashi, ki koya wa yarinya ta ce "sem porco". Gasasshen kifi shi ne mafita kuma shi ne ma daɗin garin, Matosinhos kusa da Porto titi guda ne na masu gasa kifi a bakin ƙofa. In tafiyarku ta faɗo watan Yuni, daren 12 ga wata Lisbon bata barci saboda bikin Santo António, hayaƙin gasa kifin sadin ko'ina, daren 23 kuma Porto ce ke nata na São João inda mutane ke bin juna suna ƙwanƙwasa kai da gudumar roba mai ƙara, yarinya zata so shi sosai amma cunkoson ba na wasa bane, kuma mai masauki a Alfama ko Ribeira ta manta da barci.

Iska fa? Bakin teku ne, rana na iya ƙuna a lungu ki fito dandali iska ta kusa ɗauke miki mayafi. Rigar sanyi mara nauyi kowa da tata ko da rani ne. San Faransisko ta fi kowa wannan halin, Yuli da Agusta hazo ke rufe ta da sanyi har gadar Golden Gate ta ɓace, baƙi su yi ta sayen rigar sanyi a bakin titi. Chile kuma lokutanta a juye suke, Disamba zuwa Fabrairu ne zafinsu. Shi kansa ruwan tekun a Fotugal da Chile da San Faransisko sanyi gare shi ƙwarai kuma yana ja, in yarinya ta nace sai ta shiga ku je inda masu ceto suke ku kalli tuta, a Fotugal kore a shiga, rawaya a tsaya iya gefe ba iyo, ja kar a taɓa.

'Yan sane suna son wurin da baƙi suka matsu, tiram 28 ya yi suna a kan haka har sanarwa ake mannawa a ciki. Jakar goyo ta dawo gaba, waya kar ta zauna a aljihun baya, abin da 'yan mata suka fi yi kenan, fasfo ya zauna a masauki ku yi yawo da kwafi sai inda doka ta ce dole na ainihi. Katin banki kar ya taru a jaka ɗaya. In wani ya dame ta da magana ko ya biyo ku, ku shiga shago mafi kusa ku tsaya, kuma ki gaya mata tun a gida cewa in wani abu ya faru ta faɗa miki bazaki ce laifin shigarta bane, in ba haka ba shiru zata yi. Da dare lungun matakala da ya yi kyau da rana ba kowa a cikinsa, ku bi babban titi ko ku kira mota.

Ku kuma yi maganar rabuwa tun kafin ta faru, dan ƙofar jirgi na iya rufewa ɗaya na ciki ɗaya na waje. Dokar mai sauƙi ce, wadda ke ciki ta sauka a tasha ta gaba ta tsaya cak, wadda aka bari ta hau na gaba ta same ta. Kowa da layin waya mai data nata ba wai ɗaya na jona wa ɗaya ba, ku kunna nuna wurin da kuke a WhatsApp, fawa banki a jaka dan taswira da hoto na shanye caji kafin la'asar, sunan masauki da adireshi a rubuce a takarda cikin aljihunta saboda ranar da wayar zata mutu. Lambar gaggawa 112 ce a Fotugal da Italiya da Turkiyya, 911 a Amurka. In ta nuna hankali kwana biyu ki ɗan sake mata, ki zauna a dandali ki ce ta zaga lungun nan ta dawo nan da minti 20, a unguwa mai mutane kuma da rana. Zuciyarki zata yi ta bugawa, ki daure kar ki kira ta a minti na 5.

Ranar komawa kar ki yarda da lissafin taswira ko kaɗan. In masaukin a lungu yake ki tambayi masu gidan tun jiya inda mota ke iya tsayawa, ku je ku gano wurin da ƙafa ba kaya, ku ƙirga matakalar, sannan ki ƙara rabin awa a kan lokacin da kika yi niyyar fita. Tsarabar tayil da gwangwanin sadin da aka yi ta saya suna da nauyi, a raba su akwati biyu, mai nauyin kuma yarinya ce zata sauko dashi.